Inda Muryar Mijina Ke Ɓacewa

Anti Ibiso, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ina aiki a hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage. Mijina Tonye matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne, yana kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku. Sau da yawa ni ce ke magana da shi a rediyo idan ya tashi.

Akwai wani yanki can cikin teku da rediyonmu ba ya kaiwa idan jirgi yana tafiya ƙasa-ƙasa. Da ya shiga wurin sai muryarsa ta fara yankewa, sai shiru. Abin da muka saba, in kira wani jirgin da ke sama da shi ya isar da saƙo. Kyaftin Dagogo ne ke yi mana wannan, don hanyarsu ɗaya da safe. Har tsokanata yake yi: "Madam, angonki na nan garau, ya ce a ajiye masa gasasshiyar ayaba da kifi." Sai in ji numfashina ya dawo.

To, kamfaninsu ya soke tafiyar Dagogo daga wata mai zuwa, ga damina ta kankama. Tonye zai riƙa ratsa wurin shi kaɗai. In wani abu ya faru ba mai ji, sai lokacin isarsa ya wuce sannan a fara nema. Na ce zan kai ƙorafi, ya ce kul! Wai kowa ya san ni matarsa ce, za a ce ya tsorata ya turo mace, kuma a cikin matuƙan jirgi wanda aka yi wa tambarin tsoro ya gama yawo. Haushi ya sa na daina yi masa magana a gida, amma a rediyo dole in ce masa a sauka lafiya. Yaya zan yi?

Mai Jiran Murya, Fatakwal

'Yata, tsoronki ba shirme ba ne. Shi ma Tonye ba taurin kai kawai yake yi ba, ya san mutanen da yake aiki da su. Amma ku duka kun manta cewa ba shi kaɗai ne a jirgin ba. Akwai mutane zaune a bayansa, iyalansu ba su ma san da wannan shirun ba. Ke kika sani, kuma aikinki ne ki faɗa.

Ki kai wa shugabanki maganar tare da abokan aikinki, ba sai sunan Tonye ya fito ba. Ku nemi abin da zai yiwu: na'urar ƙara wa rediyo zango a kan ɗaya daga cikin rijiyoyin, ko wayar tauraron ɗan'adam a jirgin, ko a haɗa tashinsa da na wani jirgin. Ki sanar da shi kafin ki je, kada ya ji a bakin wasu. Ki kuma roƙa a canza miki lokacin aiki har hankalinki ya kwanta, sauran jiragen ma suna buƙatar nutsuwarki.

Gabar nan kuwa ki yar da ita yau. Shirun teku ba laifinki ba ne, amma na gida ke kika kawo shi, kuma da shi mutumin nan yake tashi kowace safiya. Allah ya riƙa dawo miki da shi lafiya.

Anti Ibiso