Da Hannuna Na Ƙona Masa Tawadar

Anti Maureen, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya ishe ni ni kaɗai.

Shekara talatin da huɗu ke nan muna kiwon shanu da mijina Neville, tafiyar awa huɗu daga garin Longreach, inda asibiti yake. Neville fari ne tas mai jan gashi, irin waɗanda rana ke gasawa, ga shi duk ƙuruciyarsa ba riga yake aiki. Shekara biyar da suka wuce likita ya ƙona masa wasu ƙuraje masu kaushi a hannu da ruwan naitirojin, mai sanyin nan da ke hayaƙi. Muna fitowa ya ce, "Yanzu a kan wannan muka kashe wuni guda? Ai muna da shi cike da tanki a rumfa!" Gaskiyarsa, a ciki muke ajiye maniyyin bijimai na yi wa shanu barbara.

Tun daga ranar ya zama likitan kansa. Ya tsoma auduga ya ɗosa, wurin ya yi bororo, ya ɓare. Inda hannunsa bai kai ba, ni ce mai aikin. Har dariya muke yi.

To, akwai wata tawadar Allah a bayan kafaɗarsa. Bara ta fara ƙara faɗi, gefenta ya karkace, ta yi launi biyu. Na ɗosa mata a Satumba, ta ɓare ta dawo. Na sake a Janairu. Yanzu ta fi da baƙi, shekaranjiya kuma na ga ɗigon jini a rigarsa wajen wanki. Da na yi magana sai ya ce, "Haba tsohuwa, bari a gama tattaro shanu mana, sati shida ne kacal." Ya kuma sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa likita zancen tanki ba, wai za a mai da shi abin dariya a kasuwar shanu.

Tsoro nake ji, ga kunya. In wani abu ne, ni na ɓata masa wata takwas. In jira shi, ko in karya alkawari?

Matar makiyayi

Ƙawata,

Ki rufe tankin nan tukuna, kada auduga ta sake taɓa jikinsa.

Ba zan ce Neville wawa ba ne. Tafiyar da nisa, shanu ba sa jira, kuma abin da ya ga likita ya yi shi ya kwaikwaya. Amma rabin aikin ya gani. Kafin likita ya ƙona abu sai ya duba ya san ko mene ne, kuma tawadar da ke sauya kama ba a ƙona ta, yanke ta ake yi a kai gwaji. Sanyin saman kawai yake ɓarewa, in akwai saiwa tana nan tana aikinta.

Ban isa in ce kansar fata ce daga wasiƙa ba. Sai dai faɗi, sauya launi da jini, alamu ne da ba a ba su sati shida. Ki ɗauki hotonta yau, ki kira asibiti, ki nemi a gan shi cikin satin nan. Shanu kuwa, maƙwabtan da kuke taya su tattarowa su ma su taya ku bana.

Alkawarin nan ba na riƙewa ba ne. Dole likita ya san sau nawa aka ƙona ta da yaushe, don ƙunar tana sauya abin da zai gani. Amma kada ki yi a bayan idonsa. Ki ce masa, "Zan faɗa, ko kana ɗakin ko ba ka." Likita ba ya kai labari kasuwa. Ke ma a duba taki fatar, rana ɗaya ta dake ku. Daga nan sai malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu da man kariyar rana kullum.

Batun wata takwas, kin yi kuskure, da kyakkyawar niyya, kuma ba za su dawo ba. Satin nan ne a hannunki. Zai yi fushi, wataƙila har ku isa Longreach. Ki bar shi ya yi fushinsa a kujerar gefe, ke ki ja motar.

Allah ya sa ku ji alheri, ya ba shi lafiya.

Maureen