Idona na hagu da tuwon ƙofar gidan Malam Sale

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, unguwarmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura saba'in, ban taɓa zaton zan kawo ƙarar bakina gaban sa'o'in jikokina ba, amma abin ya kai ni bango.

Na zo Kano daga ƙauyenmu a shekarun saba'in, shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, ina koyon tuƙin tifa. Lokacin Gyaɗi-Gyaɗi rabi gidaje ce rabi gonaki, in za ka Tarauni ta cikin gero kake ratsawa. Mu bakwai muka haɗu a layi ɗaya, duk baƙi, direbobi da leburori, da muka yi aure sai muka kafa ciyayya a ƙofar gidan wani abokina, zan kira shi Malam Sale duk da ba sunansa ba ne. Bayan magariba kowane gida a fito da kwano, a jera a kan tabarma, a buɗe ɗaya a cinye a jawo na gaba, ba mai cewa wannan nawa ne. A shekarun nan tifa ta kife da ni a hanyar ɗebo yashi na karye a hannun dama, wata biyu cur Malam Sale ne yake yanko loma ya sa mini a baki, yana tsokanata wai ya samu jariri mai gemu. Yau a cikin mu bakwai ni da shi kaɗai muka rage, matarsa ma ta rasu bara, surukarsa ce take masa girki.

To ni ina da ciwon suga, ga yanar ido. Na dama ya riga ya tafi, na hagun nake lallaɓawa da shi, likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai suga ya sauka, kuma in aka daɗe sugan zai ɓata shi ta ciki, ko an cire yanar ba amfani. Ƴata ta biyu nas ce, zan ce mata Hajara, ita ta ɗora ni a kan wani tsarin abinci wai shi paleo, da sanin likitan. Wai abincin mutanen farko, nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace. Ba tuwo, ba shinkafa, ba wake, ba fura ba nono, kai har ƙuli an hana, ku duba min kwaɗon zogale babu ƙuli. Na ce mata ni mutanen farkon da na sani kakannina ne, kuma da dawa suka rayu, ta ce Baba su ba su da suga. Maganar gaskiya tsarin ya karɓe ni, sati uku na farko awon ya yi kyau, ƙafata ta daina nauyi.

A sati ukun nan ina fita da kwanona na kifi da kabewa, amma a ciyayya babu kwanon mutum ɗaya, Malam Sale ya ci nawa, ya buɗe tuwon dawa da miyar kuka ya turo tsakiya, ni kuma in yi ta kame-kame wai cikina ne. Da na gaji na faɗa masa gaskiya. Bai yi musu ba, ya ce Allah ya sawwaƙe, washegari ba a shimfiɗa tabarma ba. Kwana uku haka. A na huɗu surukarsa ta same ni tana hawaye, ta ce Baba tun da kuka daina zama shayi kawai yake sha, in na kai masa tuwo ɗaki sai ya ce ya ƙoshi, mutumin da shekara hamsin bai ci abincin dare shi kaɗai ba. Ranar na koma na wanke hannu na ci.

A nan ne zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Da hannuna ya shiga miyar nan na ji ƙamshin daddawa, wallahi ba tausayin Malam Sale na ji ba, daɗi na ji, har na rufe ido. Na fi shi ci. Tun daga ranar kullum ina cewa yau loma uku kawai, sai in ga gindin kwano. In dawo gida in wanke hannu da sabulu, in zauna in cinye kifin Hajara kamar mai yunwa. Da la'asar ta yi sai miyau ya fara taruwa a bakina, ko lazimi nake tuwon ne a raina. Ina jin kunyar kaina sosai.

Da muka koma asibiti suga ya hau, aka ɗaga aikin idon. Hajara ta zauna a mota tana kuka, wai ita ce ta yi kuskuren tsarin, ta je ta ƙara rage mini 'ya'yan itace, ni ina gefenta na ɓoye mata zancen tuwon. Asirina ya tonu ne ranar Juma'a, miyar kuka ta ɗiga a gaban farar rigata, ni da idona ban gani ba, na shigo ina ta sallama. Ta kalli rigar ta kalle ni. Ba ta ɗaga murya ba, cewa ta yi ita ta ga makafi a wurin aikinta, ba ta so ta riƙe mini sanda, kuma in ba zan iya ba ita za ta je ta roƙi Baba Sale ya daina fitowa. Na ce in ta taka ƙofar gidansa da wannan magana ban yafe ba. Tun da na haife ta ban taɓa faɗa mata haka ba, yau kwana biyar tana kawo abinci ta gaishe ni ta fita, ni ma na kasa ba ta haƙuri.

Na yi tunanin in sa surukarsa ta riƙa dafa irin nawa mu ci tare, amma shi in bai ci tuwo ba a wurinsa bai ci komai ba. Na yi tunanin in zauna kusa da shi ina kallo, na gwada jiya, ya yi loma biyu ya rufe kwanon ya ce shi ba mara lafiya ba ne da za a zauna jinyarsa. Ni ma na san kaina, in kwanon yana buɗe a gabana hannuna ba ya jin magana.

An sake ba mu sati shida, likita ya ce kada mu wuce wannan. Jama'a waɗanda suka taɓa yin irin tsarin nan, yaya kuke yi da kwaɗayi in ya taso muku? In na zauna a gida ina tsoron abokina ya kwanta da yunwa, in na fita ina tsoron in rasa idon da nake ganin fuskar jikokina da shi. Kuma ta yaya zan gane ko don shi nake fita ko don bakina? Yanzu haka an kusa kiran magariba, daga ɗakina ina jin ana share ƙofar gidansa. In fita ko in zauna?