Gas Ɗin Girki a Cikin Esin Motocinmu

Zuwa ga Shugaban masu gyaran esi da firji na garin Potiskum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina rubuto maka wannan takarda ne a kan wani haɗari da ke cikin esin motocinmu. Ƙanena Sale, direban wani dillalin shanu ne, kwana huɗu ke nan da suka tafi kudu a motar da na tabbata gas ɗin girki ne a cikin esinta. Shi bai sani ba, ni kuma ba ni da wayar da zan same shi.

Na ɗaya. Farkon zafin bana esin motata ta daina sanyi, na kai wa wani bakanike a bakin hanyar Damagum. Ya shaida mini tsohon gas mai lamba goma sha biyu ya yi wuya a kasuwa, sabon da ake yayi kuma ba ya shiri da tsohuwar mota sai an canza mai da tiyo. Amma wai yana da wani haɗi nasa. Ya ɗura daga tukunyar da ba rubutu a jikinta, bai ko duba inda na farkon ya tsiyaye ba. Sanyi kuwa ya zo kamar me! Don murna ni da bakina na tura Sale, aka ɗura wa motar maigidansa daga wannan tukunya.

Na biyu. Bayan 'yan kwanaki motata ta fara wani wari. Ka san matan garin nan, ba warin da ba sa kora da turaren wuta. Ranar Asabar da safe uwargidana Hajja ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba turare, ta buɗe ƙofar gaba ta sunkuya za ta ajiye. Sai wuta ta yi fuu daga ƙarƙashin sitiyari. Innalillahi! Mayafinta ya kama, girarta ta ƙone, hannunta na dama har yau yana naɗe. Da motar ta kwana gilashi a rufe ruf, da ta'aziyya kuke zuwa yi mini. Wani dattijo cikinku ya zo ya shinshina bakin tiyo sau ɗaya, ya ce gas ɗin girki ne tsagwaronsa.

Na uku. Na koma wajen bakaniken da ya ɗura mini, ko gezau bai yi ba. Wai ai kowa haka yake yi yanzu, motocin da ya ɗura wa ma bai san iyakarsu ba. Wannan magana ita ta fi wutar firgita ni. Wallahi yanzu ko mota na gani gilashi a rufe, nesa da ita nake bi.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe: ku karɓe wannan tukunya yau, kada a kai gobe. Ku sa a yi shela a tasha da masallatai da coci-coci, daga nan har Nangere, duk wanda aka ɗura wa gas bana ya kawo a duba, mai jin wari kuma kada ya kusanto da garwashi ko ashana. Ku hana ɗura gas daga tukunya marar lamba. In na gaskiya ya gagara, a faɗa wa mai mota ya sauke gilashi ya sha iska. Zufa ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon tsawatarwa. Na manna kwafin wannan takarda a tashar manyan motoci saboda direbobin shanu masu tafiya kudu. Don girman Allah, duk wanda ya ga Sale ya gaya masa yayansa ya ce kada ya kunna sigari a cikin motar nan. Ni na tura shi wajen mutumin, kuma har yanzu na kasa gaya wa tsohuwarmu.

Wassalam.

Idi Maina,
malamin firamare, Potiskum.