Fiyus Ɗin Motar Inna

Maiyama, ranar Lahadi

Yaya Abdulmumin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata kai da Anti Husna da yara kuna lafiya a Kaduna. Mu nan mun gode Allah, sai dai ƙafar Inna.

Takarda na rubuto ban kira waya ba, don Inna a ɗakina take jinya, kunnenta kuwa ko raɗa ba ta wuce shi. Yaya, raina a ɓace yake da kai. Mai ɗori na Aliero ya ce a riƙa kai masa ita kowace Laraba ya duba cinyar da ta karye. Kai ka ce kada a sa ta motar haya cikin bazarar nan, ka aiko mana mota mai esi. To, esin naka ba ya kai mu Jega. Sai ka ji fanka ta yi shiru. Surajo autanmu ya tsaya, ya ce fiyus ya ƙone, ya sa sabo, mu ɗan taɓa gaba shi ma ya bi ɗan'uwansa. In an sauke gilashi iska kamar daga bakin murhu. Zufa tana shiga ƙarƙashin karan ɗorin, har fatar ta fara saɓulewa. Inna kuwa carbi kawai take ja, wannan ya fi ci mini rai. In akwala za ka saya wa mahaifiyarka, da ka faɗa mana tun farko.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hamdiyya

Maiyama, ranar Asabar

Yaya Abdulmumin,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya, ya yara da makaranta? Ka yafe mini maganar akwala, motarka ba ta da laifi.

Ni da kaina na tasa Surajo gaba muka je wurin Kalilu, mai gyaran wayar mota a Jega. Ya ce fiyus mai gadi ne, shi yake ƙonewa don kada wayoyi su kama da wuta, kuma ba ya ƙonewa banza. Ya kwance fankar da ke ƙasan gaban mota, sai ga ta cunkushe da ɓawon albasa da ƙasa. Da ƙyar take juyawa, shi ya sa take jan wuta fiye da kima. Ashe duk ranar da ba Laraba ba, Surajo jigilar albasa yake yi daga Jiga Makera zuwa kasuwar Aliero, har kujerar gaba yake loda wa buhu. Ya dawo ya share, ya fesa turare, ya shigo gida yana salati. Motar jinyar uwarsa!

Kalilu ya ce injin fankar ya riga ya gaji, sai an kawo wani daga Sakkwato. Kafin nan kada a kunna esi, kuma ya ja kunnen Surajo kada ya kuskura ya ɗaure fiyus da waya kamar yadda direbobi ke yi. Ya rantse ba zai yi ba. Da na gaya wa Inna maganar albasar, cewa ta yi Surajo yaro ne. Yaron da ke da mata da 'ya'ya, Yaya.

A gaida Anti Husna.

Taka,
Hamdiyya

Maiyama, ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ba lafiya ba.

Jiya muka tashi esi na ba da sanyi, Surajo ya ce an gyara. Muna wuce Jega na ji ƙaurin roba, sai hayaƙi ya turnuƙe daga gaban mota. Ashe waya Surajo ya naɗa a gurbin fiyus ɗin, don Inna ta sha sanyi ta daina tuna maganar albasa. Mutanen hanya suka taimaka muka fizgo Inna waje, wasu suka kashe wutar da ƙasa. A wajen fizgowar karan ɗori suka goce. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta yi ihu ba sai jiya. Shi ne bai ji bari ba, ita ta ji hoho.

Mai ɗori ya ce ƙashin ya kauce. Sai an sake karya shi an ɗora, in ba haka ba zai kama a karkace, ba za ta ƙara takawa babu sanda ba. Inna ta ce ba mai sake karya ta. Na yi lallashi, na yi kuka, ta juya fuska ga bango.

Ta ba ni saƙo gare ka: wai kada ka yi wa Surajo faɗa, niyyarsa alheri ce. Na isar. Nawa saƙon kuma shi ne ka baro duk abin da kake yi ka zo kafin Laraba, don maganarka kaɗai take ji, ƙashi kuma ba zai jira ka ba.

Ɗazu Surajo ya shigo da sabuwar sanda mai kan azurfa da ya sayo mata a Jega. Ta karɓa tana shafa ta, tana sa masa albarka. Ni tashi na yi na bar musu ɗakin.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Hamdiyya