Ganyen Cikin Rigar Sanyi

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Zukiswa ƙanwata, ki karanta mata a hankali.

Lafiyata ƙalau a tsibirin Marion, sai dai iskar nan ba ta hutawa. Muna kula da 'ya'yan manyan tsuntsayen teku. Ɓerayen da suka biyo jiragen mafarauta tun zamanin da suna cin su da ransu, shi ya sa yanzu ba a barin wani baƙon abu ya shigo tsibirin, ko da ƙwayar ciyawa ce. Har aljihunanmu aka kakkaɓe kafin mu taso.

Jiya rigata ta sanyi ta yage a jikin dutsen aman wuta, sai busasshen ganye ya zubo da 'ya'yansa, iska ta kwashe. Riaan, abokin aikina, ya ce, "Kai Lwandile, noma ka zo yi mana?" Bai yi dariya ba. Mun wuni da rarrafe muna tsinta.

Ban ji haushi ba, Mama, na san tsari ne kika ɗinke mini a ciki. Amma ki faɗa mini sunan ganyen, shugabarmu tana jira ta san ko zai iya tsirowa a nan. Allah ya sa ba na bayan ɗakinki ba ne, wanda ko ƙanƙara ba ta kashe shi.

Ɗanki,
Lwandile