Jifa a Ƙofar Esna

Umma,

Assalamu alaikum, ya ƙafar? Ni da Nirmin da iyayenta za mu hau jirgin shaƙatawa daga Luksor zuwa Aswan, na kama miki ɗaki. Abinci sau uku, gado mai laushi, ba abin da za ki yi sai kallon ruwa. Ki huta ko sau ɗaya.

Ɗanki, Ragab

Ragab,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan, ba ta gudu ba. Ruwan da zan kalla shi nake wanke tukunya da shi tun kafin a haife ka.

Ka manta jirgin yana tsayawa a Esna jiran a buɗe ƙofar ruwa? Nan ubanka ya ƙare rayuwarsa cikin kwale-kwale, yana ɗaure mayafi a leda yana jefa wa Turawan da ke saman jirgi su saya, in ba sa so su jefo masa. Abokansa suna nan. Suna hango ni za su ɗaga murya, "Matar Abdurradi, yau ke ce baturiyar?" Ni kuwa zan amsa. Me ka faɗa wa surukanka ubanka yake yi?

Allah ya tsare. Uwarka

Umma,

Barka da war haka. Na ce ɗan kasuwar tufafi ne, ai ba ƙarya ba ce. Baban Nirmin alƙali ne, Umma. Idan mun zo Esna sai ki shiga ɗaki ki kwanta, awa ɗaya ce. Don Allah.

Ragab

Ragab,

Gaisuwa. Na yi tunani, jirgin nan bai dace da ni ba. Ba na cin abincin da ban ga mai dafa shi ba, ba na kwanciya da rana, kuma ba na ɓuya a garinmu. Ka mayar musu da ɗakin.

Ranar Talata in kun tsaya, ka leƙo ta hagu. Ina cikin kwale-kwalen baffanka Haggag. Jifana ba ya kai hawa na huɗu na jirginku, shi zai jefa maka leda. Rawanin ubanka ne a ledar, mai ruwan toka, na wanke shi. Na ce kada ya kira sunanka, ya ce "Wallahi sai dai in ce masa mista." Ya yi dariya har da tari.

In kana so ka riƙe. In ba ka so ka san yadda ake yi, ka jefo. Ka dai saita da kyau kada ya faɗa ruwa, ubanka ya tsani masu jefawa a ruwa.

Ka gaida Nirmin. Uwarka

Umma,

Kin gani da idonki, na cafe da hannu ɗaya. Baban Nirmin ya ce, "A ina ka koyi wannan?" Na nuna masa ku.

Muna dawowa ranar Asabar ta mota. Ya ce yana son shayi a gidanki.

Ragab