Awon Ƙafar Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau sabon harajin ya fara aiki. Duk abin da ya ƙetaro daga tsallake, ƙasar maƙwabtanmu, an ɗora masa, su ma sun ɗora wa namu. Mai aski, maƙwabcin shagona, ya fito da injin askinsa ɗan tsallake ya ajiye a bakin ƙofa, wai ya daina taɓa kayan maƙiya. Kafin rana ta yi tsaka ya lallaɓa ya mayar da shi ciki, don namu tsigar gashi yake yi. Na yi kamar ban gani ba. Ni ma fatar da nake ɗinka takalma da ita tasu ce, na dai juya tambarin ya kalli bango.

Wata huɗu ke nan ban yi magana da Yaya ba. Tun ranar da shugabansu ya ce a rediyo wai ƙasarmu ɗakin baya ce a gidansu. Na kira shi raina a ɓace, sai ya kwashe da dariya: "To ai ɗakin baya ma ɗaki ne, Baduku." Na kashe wayar. Shekara talatin da ɗaya yana can, aikin jirgin ƙasa ya kai shi, ya yi aure, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasarsu. Amma a ɗakin bayan nan aka yanke masa cibiya.

Laraba, 5 ga Maris

An yi wa taken ƙasarsu ihu a filin ƙwallo. Na ji daɗi. Daga baya na tuna shekarar ambaliya, da jiragen ruwansu suka kwashe mu daga kan rufi, ni da Inna. Sai daɗin ya koma wani iri.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta kira, ƙaramar 'yar Yaya, wadda take koyarwa. Tun daga gaisuwa na san ba lafiya ba. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu, an yanke yatsu biyu, sati biyar da suka wuce. Sati biyar! Babu wanda ya gaya mini.

"Shi ya hana, Baffa."

Likita ya ce sai da takalmi na musamman, mai faɗi da taushi, in ba haka ba ƙafar za ta sake buɗewa. Sun kai masa guda uku ya ture. Wai ƙafarsa ba ta taɓa shiga takalmin wani ba tun da na iya riƙe basilla, ba kuma yanzu za ta fara ba. Amma kada a roƙe ni.

Na ce, "To yanzu roƙona kike yi ko me?"

Ta ce, "Labari nake ba ka."

'Yar ubanta ce. Na ce ta auno ƙafar. Katakon ƙafarsa da nake ɗinka masa takalmi a kai ba zai yi ba, ƙafar ta canza.

Talata, 11 ga Maris

Awo ya iso ta waya. Tsawo, inci goma da uku bisa takwas. Kewaye, inci sha ɗaya. Lamba tara, in ji ta, wanda mu a nan arba'in da biyu ne ko da uku, ya danganta da wanda ka tambaya.

Uku bisa takwas! Mutanen nan ko awo sai sun yi shi da gardama. Duniya duk ta koma mita, goma-goma, yaro ma ya lissafa da yatsu. Su sun kafe: inci sha biyu ƙafa ɗaya, ƙafa uku yadi ɗaya. Farkon zuwan Yaya hutu yana ta kiran mil kaza, galan kaza, Baba ya dube shi ya ce, "Kai, mu ba mu je ba, fassara mana."

Maman yara ta ce in sayi tef mai fuska biyu, inci a baya, santimita a gaba. Na ce tef ɗina ya ishe ni, shekara ashirin bai taɓa ba ni kunya ba. Inci ɗaya ai santimita biyu da rabi ne, kowa ya sani. Ta ce, "Kai dai ka sani," ta ci gaba da ninke wanki.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ajiye aikin kowa. Fata mafi laushi da nake da ita, babu ɗinki ko ɗaya a ciki da zai taɓa jiki. Na cike gurbin yatsun da soso. Wajen yanka gurbin sai da na fita na sha iska.

Mai aski ya leƙo: "Na wa ne wannan da kake lallaɓawa kamar ƙwai?" Na ce na wani tsoho ne.

Laraba, 19 ga Maris

Na ba Dogo direba takalmin, shi ne mai kai tumatir tsallake. Ya ce yanzu kwana uku suke yi a bakin ƙofar iyaka, rabin kayan ya ruɓe kafin a buga hatimi. Masu binciken da suke shan shayi tare da su bara, yau ko gaisuwa sai da kallon gefe. Ya ce zai sa takalmin ƙarƙashin kujera. Ban sa wasiƙa a ciki ba. Na rubuta, na yage.

Lahadi, 23 ga Maris

Takalmin ya isa. Auta ta turo kalma biyu: "Ya sa."

Alhamis, 27 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙafar ta buɗe. Takalmin ya matse shi a gefe da kuma gaba, shi kuwa ba ya jin komai a ƙafar, ciwon ya kashe jijiyoyin. Kwana uku yana yawo da shi. Sai da Auta ta ga jini a safa. Yana asibiti.

Na ɗaga mata murya. Na ce ita ce ba ta iya awo ba, su da incinsu na banza. Da na gama ta ce, "Baffa, sau uku na auna. Da nawa ka ninka?" Na ce biyu da rabi. Ta ce, "Biyu da ɗigo biyar huɗu ne." Muryarta ko tashi ba ta yi ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na zauna da fensir. Milimita huɗu a tsawo, huɗu da 'yan kai a kewaye. Kaurin ƙwayar shinkafa biyu. Ga mai lafiya ba komai ba ne, fata za ta saki. Ni da nake gaya wa masu koyo cewa a ƙafar mai suga ko zare ya isa ya yi ɓarna.

Maman yara ba ta ce uffan a kan tef ba. Ta ajiye mini ruwa ta fita.

Asabar, 29 ga Maris

Na tambayi Auta ina ya je har kwana uku, mutumin da aka ce ya huta. Ashe unguwa ya zaga. Wajen tsofaffin abokan aikinsa, wajen mai jarida, har shagon da aka liƙa takardar "ba ma sayar da kayan maƙwabta". Yana ɗaga ƙafa yana cewa, "Ƙanena ya ɗinka, daga can. Ku nemo irinsa a nan in kun isa." Har suka yi cacar baki da wani.

Na rufe shago da wuri.

Talata, 1 ga Afrilu

Likita ya ce a ba shi kwana takwas. In ciwon ya kai ƙashi, za a yanke daga idon sawu.

A rediyo ministocinmu da nasu sun zauna sun tashi baram-baram. Kowanne ya fito da lissafinsa na wanda ya fi cutar wani, namu a tan, nasu a wani awon da ban ma san shi ba. Mai aski ya ƙure muryar rediyon yana ta "ka ji ko, ka ji ko". Na ce ya rage, kaina na ciwo. Ya dube ni kamar na sauya sheƙa.

Ina tunani: tun muna yara awonmu daban da nasu, amma jirgi yana wucewa, tumatir yana wucewa, ana aure. Kowa ya san sai ya tsaya ya juya lissafi, kuma ana tsayawa. Ni ne ban tsaya ba. Ba don ban iya ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na sayi tef ɗin. Mai kayan gini daga ƙarƙashin kanta ya zaro shi, a nannaɗe cikin jarida, kamar ina sayen abin kunya.

Duk da haka na gaya wa Auta kada ta sake turo lamba. In ƙafar ta lafa, ta ɗora ta a kan farar takarda ta zagaye da biro a tsaye. Ta ɗauki zare ta kewaya wuri huɗu, ta ƙulla kowanne daidai inda ya haɗu. Zare ba shi da ƙasa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bai kai ƙashi ba. Na gode wa Allah. Na shiga bayan shago na daɗe.

Laraba, 16 ga Afrilu

Dogo ya kawo ambulan daga Auta, yana dariya tun daga bakin titi. Wai a ƙofa wani sabon jami'i ya buɗe takardar, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce taswirar ina ce wannan, kuma me zaren nan huɗu suke nufi. Har an kira babbansu. Babban ya duba ya ce, "Ƙafar mutum ce, sakarai, ba ka ga dunduniya ba?" Sannan ya ƙirga yatsun, ya ninke takardar da kansa ya miƙa wa Dogo da hannu biyu.

Ni ban yi dariya ba da na shimfiɗa ta a kan tebur. Na san ƙafar nan. Ina ƙarami ina zura tawa a cikin takalminsa ina ja, yana bi na da gudu. Ita ta tattaka da ni a kafaɗa har asibiti ranar da kwalba ta yanke ni. Yanzu ga ta a takarda, yatsu uku, da wani lanƙwasa inda biron ya rasa abin zagayawa.

Talata, 22 ga Afrilu

Na gama. Na gwada a kan takardar, na gwada da zaren, na sake gwadawa da fuskokin tef duka biyu. Maman yara ta zura hannu ciki ta shafa ko'ina ido a rufe, ta ce babu abin da ya soke ta. Na rubuta wa Auta: awa ɗaya ranar farko, a cire a duba. In ya yi gardama ta ɓoye takalmin.

Asabar, 3 ga Mayu

Ina cikin shafa gam waya ta yi ƙara. Lambar Yaya. Na bar ta ta yi ƙara huɗu, don kada ya ce jira nake.

"Baduku."

"Yaya. Ya jiki?"

"Jiki ya yi kyau. Takalminka ne bai yi ba."

Na ce ina, hagun?

"Hagun lafiya lau. Na daman ne yake matsa ni."

Na dama! Ƙafar da ba abin da ya same ta, wadda na ɗinka wa takalmi ya fi sau talatin. Ina jin Auta daga nesa tana cewa, "Baba, ka ji tsoron Allah." Ya ce ta yi masa shiru, ƙafarsa ce ko tata?

Na ce ya turo da shi in buɗa. Ya ce a'a, shi ya gaji da aike, irin wannan gyaran sai mai shi ya gani da ido. Daga nan ya koma zancen ruwan sama. Bai ambaci ɗakin baya ba, ban ambaci milimita huɗu ba. Na buɗe baki zan faɗa, ya riga ni. Ya ce, "To, kar in cinye maka kati," alhali shi ya kira.

Litinin, 5 ga Mayu

Takalmina ba ya matsa ƙafar dama. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na je ofishin takardar ƙetarewa. Da, katin shaida kawai kake nunawa ka wuce. Yanzu layi har waje, yawanci tsofaffi da mata masu goyo, kowa da nasa a can. Fom ɗin nasu ne, ya nemi tsawona a ƙafa da inci. Na zaro tef daga aljihu, wani dattijo ya riƙe mini a jikin bango. Kafin in ankara mutum shida sun jeru a bayana, na zama ma'aunin layi. Wata ta ce in ƙara mata inci ɗaya, na ce ni yanzu ba na ƙari ba na ragi.

A wajen dalilin tafiya na rubuta "aiki: gyaran takalmi". Matar da ke bayan gilashi ta turo mini takardar. Ta ce an dakatar da izinin aiki tun watan jiya, abu biyu kawai ake bari, jinya da ziyarar dangi.

"Kana da wani a can, Baba?"

Na ce akwai wani mai takalmi.

"Me yake gare ka?"

Na karɓi biron na soke layin. Na rubuta "ziyarar ɗan'uwa". Ta buga hatimi, Talata mai zuwa, kwana bakwai.

Doka ce ta sa. Basilla da guduma dai suna cikin jaka.